Wuƙaƙe Huɗu, Gaɓoɓi Huɗu: Jagorar Gane Aikin Fosfolifes da Biro da Takarda

Idan jarrabawa ta ƙarato, ɗaliban bayokemistiri da na likitanci daga Jami'ar Bayero sukan taru a zauren gidanmu da ke Kabuga ranar Asabar bayan la'asar mu yi bita. Kowace shekara shafi ɗaya ne ke sa su tagumi, shafin fosfolifes (PL a taƙaice), wato furotin masu sare man da ke tantanin ƙwayar halitta: PLA1, PLA2, PLC, PLD, ga PIP2 ga IP3 ga DAG, haruffa rututu kamar lambobin Adaidaita Sahu. Yawancinsu hadda suke yi. Sai malami ya ɗan murɗa tambaya a ɗakin jarrabawa, hadda ta watse. Ni abin da nake gaya musu kullum shi ne wannan babi aikin mahauta ne. Dabbar ɗaya ce, wani irin mai da ake kira fosfolifid, gaɓoɓinta huɗu, kowace gaɓa da wuƙarta, wato fosfolifes ɗinta. In ka san inda wuƙa ta sauka, ba sai an gaya maka abin da zai faɗo ba. Don haka nemo farar takarda da biro biyu, baƙi da ja. Wannan karatu da hannu ake yin sa.

Fara daga kicin

Kafin zane, ka ga abin da idonka. Zuba ruwa rabin kwalba, ka ƙara man gyaɗa cokali biyu, ka girgiza. Kana ajiyewa mai zai koma sama, ruwa ya tsaya ƙasa. Yanzu fasa ƙwai, ka ɗebi gwaiduwa kaɗan ka zuba, ka sake girgizawa sosai. Zai koma fari kamar koko, kuma zai daɗe bai rabu ba. Abin da ya sasanta mai da ruwa shi ne fosfolifid ɗin da ke cikin gwaiduwa, musamman wanda ake kira lesitin. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Theodore Gobley, shi ya fara tsamo shi daga gwaiduwa a shekarun 1840, sunan ma daga kalmar gwaiduwa ta Girkanci ya samo asali.

Sirrinsa fuska biyu ce: kai mai son ruwa, da jela biyu masu gudun ruwa. In aka zuba irinsa da yawa a ruwa, sai su jeru sahu biyu, jela na duban jela, kawuna na duban ruwa ciki da waje. Wannan shi ne tantanin da ya kewaye kowace ƙwayar halitta a jikinka, kaurinsa bai kai nanomita 10 ba. Gorter da Grendel a ƙasar Holan ne suka nuna sahu biyu ne a 1925, da jajayen ƙwayoyin jini suka yi aikin.

Ɗauki tantanin nan kamar ganuwar birni. Manzo daga waje, kamar homon ko sinadarin da jijiya ta saki, sau da yawa ba ya shiga. Tsayawa yake a bakin ƙofa ya sanar da Sarkin Ƙofa, wato furotin makarɓin saƙo. A nan misalin yake ƙarewa, domin ba mu taɓa jin Sarkin Ƙofar Na'isa ya sa an ɓalle tubalin ganuwa an ruga da shi fada a matsayin wasiƙa ba. Ƙwayar halitta kuwa haka take yi. Tubalin kansa shi ne saƙon, kuma enzayim ɗin da ke ɓalle shi, wato furotin mai yin aikin sarar, sunansa fosfolifes.

Zana dabbar

Da baƙin biro, ja layi a tsaye a tsakiyar takarda, ka ɗiga ɗigo uku a kansa, ka rubuta 1, 2, 3 daga sama. Wannan giliserol ne, ƙashin baya mai kabon uku. Daga ɗigo na 1 ja doguwar jela miƙaƙƙiya. Daga na 2 ja wata mai lanƙwasa. Jelunan nan asid ɗin mai ne. Ta farko yawanci cikakkiya ce ba ta da ninkin ɗauri, ta biyun kuwa yawanci tana da shi, shi ya sa ta lanƙwashe. Daga ɗigo na 3 zana da'ira ka rubuta P a ciki, fosfet ke nan. Bayan da'irar zana akwati ka rubuta "kai". Abin da ke cikin akwatin shi ke ba dabbar suna: in kolin ne, ka sami lesitin ɗin gwaiduwa, yana iya zama etanolamin, ko serin, ko inositol.

Yanzu jan biro. Datse tsakanin ɗigo na 1 da jelarsa, ka rubuta A1. Datse tsakanin ɗigo na 2 da jelarsa, A2. Datse tsakanin ɗigo na 3 da da'irar P, wannan C ce. Datse tsakanin P da akwatin kai, D ke nan, ka sami PLA1, PLA2, PLC da PLD. Akwai wadda ake kira B mai iya cire jela biyun, ka san da ita kawai ka wuce.

A1 da A2 ba su ruɗa kowa, lambar ta faɗi wurin. C da D ne ke kayar da mutane. Ga dabarar da muke amfani da ita a zaure: C ta ciki take sara, D kuwa dab da kai. Sai ka tambayi kanka, fosfet wa ya bi? In C ta sara, fosfet ya tafi da kai. In D ta sara, kai ya tafi tsirara, fosfet ya zauna a jikin giliserol. Kada ka matsa gaba sai ka iya zana wannan sau uku ba tare da leƙe ba.

Wuƙar C: daga ƙamshin tsire zuwa yawu

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Sake zana dabbar, amma a wurin akwati zana zobe mai kusurwa shida, inositol. Liƙa masa ƙarin P biyu a kusurwa ta 4 da ta 5. Ka zana PIP2. Ba shi da yawa, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na man tantani, kuma a sahun ciki yake zaune, yana duban cikin ƙwaya.

Sara shi da C, ka ƙirga abin da ya faɗo. Zoben yana da P a 4 da 5, ga kuma P ɗin da ya haɗa shi da giliserol ta kusurwa ta 1, wanda muka ce yana bin kai. Uku ke nan: 1, 4, 5, shi ne IP3. Ga amsar tambayar da kusan kowa ke yi mini, "Malam, yaya abu mai 2 ya haifi mai 3?" IP3 bai ƙirƙiro fosfet ba, na gado ya tafi da shi. Abin da ya rage giliserol ne da jelarsa biyu, DAG. Kuma daga zanen kaɗai za ka san halin kowanne: IP3 ba shi da jela, ruwa yake so, zai bar tantani ya kutsa ciki. DAG duk mai ne, ba inda za shi, yana nan maƙale.

Yanzu ɗora labari a kai. Ka biyo ta gaban mai tsire da magariba, hayaƙi ya bugi hancinka, bakinka ya cika da yawu. Bi shi daki-daki a takarda. Jijiya ta saki asetilkolin a kan ƙwayoyin da ke yin yawu. Asetilkolin ya zauna a kan makarɓi mai suna M3. Makarɓin ya zunguri wani furotin da ke jikinsa ta ciki, Gq, wannan ya yar da GDP, sinadarin da yake riƙe da shi in yana barci, ya ɗauki GTP mai farkar da shi. Da GTP a hannu, Gq ya tashi PLC nau'in beta, ita kuma ta sari PIP2. IP3 ya nufi rumbun kalsiyam na cikin ƙwaya, wanda littattafai ke taƙaita wa suna ER, ya zauna a kan ƙofarsa, ƙofa ta buɗe.

Dalilin da ya sa buɗe ƙofar nan yake da tasiri shi ne bambancin ciki da waje. Ƙwaya in tana hutawa, kalsiyam ɗin ruwan cikinta kamar nanomola 100 ne, na wajenta kuwa ya haura milimola 1. Ninki dubu 10 ke nan ko fiye. Kamar dam ɗin Tiga ne a saman busasshen fili. Kana ɗaga ƙofa kaɗan kowa ya san an saki ruwa. A ƙwayar yawu, kalsiyam yana buɗe hanyoyin kulorayid, gishiri ya fita, ruwa ya bi gishiri. Yawu ya zubo.

DAG fa? Kalsiyam ɗin da ya tashi yana taimaka wa wani enzayim, PKC, ya hau jikin tantani, a can ya tarar da DAG yana jiransa, su haɗu ya farka. Aikin PKC liƙa fosfet a kan wasu furotin, a gurbin serin da tireyonin, ya sauya musu hali. Sara ɗaya, manzanni biyu, kuma suka sake haɗuwa a kan PKC. In ka zana kibiyoyin nan biyu suna rabuwa suna kuma gamuwa, ka ci rabin makin tambayar.

Abin da muka zana a minti goma, shekara 30 aka yi ana tono shi. A 1953 wasu ma'aurata, Mabel da Lowell Hokin, a birnin Montreal na Kanada, suka lura cewa in an zuba asetilkolin a kan yankakken fankiriyas na tantabara, fosfet yana ta shiga cikin fosfolifid da sauri. Sun ga hayaƙi, ba su ga wutar ba. A 1975 Robert Michell a Ingila ya ce lamarin yana da alaƙa da kalsiyam. Yasutomi Nishizuka a birnin Kobe na Japan ya gano PKC a 1977. Sai 1983 Michael Berridge, haifaffen ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, tare da abokan aikinsa suka tabbatar cewa IP3 ne ke sako kalsiyam daga rumbu. Shi Berridge da abin yin yawu na wani ƙuda ya soma bincikensa, don haka misalin tsiren nan bai yi nisa da asali ba.

Da hanya ta zauna, sai ka riƙa sauya gari. A jikin jijiyar jini, anjiyotensin II yana bin wannan hanya ta makarɓinsa AT1, kalsiyam ya tashi, tsoka ta matse, jini ya hau. Losatan da ake rubuta wa masu hawan jini wannan makarɓi yake toshewa. A mahaifa, oksitosin da ake sakawa a ƙarin ruwa a ɗakin haihuwa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ta Gq da PLC yake sa naƙuda ta yi ƙarfi. Histamin mai kawo ƙaiƙayi da atishawa ta H1 yake shiga, nan Piriton yake tarewa. Ba kuma kowace PLC ke jiran Gq ba. Nau'in gama makarɓan sinadaran da ke sa ƙwaya ta girma ta rabu ne ke tada ita kai tsaye ta hanyar liƙa mata fosfet. Akwai ma nau'in zeta, da aka gano a 2002, wadda maniyyi ke shigar wa ƙwan mace. Ita ke tada igiyoyin kalsiyam da ke farkar da ƙwan ya soma rabuwa. Duka-duka nau'i 13 ne a jikin dabbobi masu shayarwa, cikin dangi 6.

Kada ka rufe shafin ba ka zana yadda ake kashe wutar ba. Ɗalibai nan suke mantawa, malamai kuma nan suke son tambaya. Gq da kansa yake mayar da GTP ɗinsa GDP ya koma barci. IP3 ana cire masa fosfet ɗaya bayan ɗaya har ya koma inositol, a sake gina PIP2 da shi. Famfuna suna tura kalsiyam ya koma rumbu ko ya fita waje. DAG ana liƙa masa fosfet ya zama asid fosfatidik. Litiyam, maganin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bayarwa ga masu ciwon hauhawa da faɗuwar yanayi, yana hana enzayim ɗin da ke cire fosfet na ƙarshe daga inositol. Sa masa alamar ja a zanenka.

Wuƙar A2: rabin kayan kemis suna nan

Juya takarda. Zana dabbar, ka sara a ɗigo na 2. Jelar da ta faɗo sau da yawa asid arakidonik ce, mai kabon 20 da ninkin ɗauri 4. Abin da ya rage, mai jela ɗaya, ana kiransa laisofosfolifid. PLA2 ɗin cikin ƙwaya tana buƙatar kalsiyam kafin ta hau tantani, ka ga ke nan aikin C yana iya tada A2. Ja kibiya daga bayan takardar.

Rubuta "arakidonik" a sama, ka ja hanya biyu ƙasa kamar mararraba. Ta hagu enzayim ɗinta COX, tana haifar da furostagilandin da torombokzen. Ta dama enzayim ɗinta LOX, tana haifar da lukotirayin. Furostagilandin su ne ke ƙara zafin ciwo, su kawo kumburi da zazzaɓi, su matse mahaifa, amma kuma su ne ke sa ciki ya yi majinar da ke kare shi daga asid ɗinsa, su kuma kula da jinin da ke shiga ƙoda. Torombokzen yana sa ƙananan ƙwayoyin daskarar da jini su manne da juna. Lukotirayin suna matse hanyoyin iska a huhu su cika su da majina.

Yanzu ɗauko magunguna ka dasa kowanne a inda yake tsayawa. Ibufurofen da dikulofenak a kan COX. Daga nan kaɗai za ka gane abin da muke gani a gari: ɗan dako ko birkila ya yini yana aiki, da dare ya tsaya a kemis ya karɓi maganin ciwon jiki, ya haɗiya ciki ba komai, yau da gobe. Ciwon jiki ya lafa domin furostagilandin sun ragu, amma kariyar ciki ma ta ragu tare da su, sai gyambon ciki ya biyo baya, wani ma har ƙoda. A ganina wannan ne darasi mafi amfani a babin gaba ɗaya, kuma ɗalibin da ya gane shi ya kamata ya kai shi gida, ba ɗakin jarrabawa kaɗai ba.

Asfirin ma a kan COX yake, amma da bambanci: shi in ya kama enzayim ya lalata shi ke nan har abada. Ƙwayoyin daskarar da jini ba su da cibiyar gado da za su ƙera sabon COX, don haka ƙwayar da asfirin ya taɓa ta daina yin torombokzen har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa ɗan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 ya wadatar ga wanda likita ya ɗora a kai saboda zuciya. John Vane ne ya gano yadda asfirin ke aiki a 1971, ya kuma raba kyautar Nobel ta 1982 da Sune Bergström da Bengt Samuelsson na Suwidin.

Ga tambayar da nake jefa wa ɗalibai in hunturu ya kama, ƙura ta rufe Dala, masu asma suna cika asibiti: me ya sa wasu masu asma in sun sha asfirin numfashinsu ke ƙara toshewa? Dubi mararrabar. Ka datse hanyar hagu, kaya suna ta zuwa daga sama, ina za su bi? Sai dama, a sami ƙarin lukotirayin. Montelukas yana can ƙasan hanyar dama, yana toshe makarɓin lukotirayin. Su kuwa firednisolon da dekzametazon can sama suke, gaban mararraba: suna sa ƙwaya ta ƙera wani furotin, aneksin A1, mai danne PLA2, suna kuma rage ƙera wani nau'in COX mai suna COX-2. Hanya biyun duka suke rufewa, ƙarfinsu ke nan, kuma haɗarin shan su barkatai bai rasa nasaba da wannan faɗin aiki ba. Misofurostol da ake amfani da shi wajen tsayar da zubar jini bayan haihuwa kwaikwayon furostagilandin ne. Rubuta shi a ƙasan hagu a matsayin wanda ke ƙarawa, ba mai hanawa ba.

Wuƙar nan ba a jikinmu kaɗai take ba. Fankiriyas yana zuba tasa a hanji don narkar da mai, dafin zuma yana ɗauke da ita, haka dafin macizai irin su kumurci da kububuwa. Bambancin shi ne a cikin ƙwaya sara ake yi da awo, a dafi kuwa sara ne ba ji ba gani. Koma zanenka: laisofosfolifid mai kai ɗaya da jela ɗaya siffar sabulu gare shi, in ya yi yawa sai ya narkar da tantani, ƙwaya ta fashe. Sai dai ka kiyaye, zubar jinin da kububuwa ke jawowa galibi aikin wasu enzayim ne daban masu cinye sinadaran daskarar da jini, kada ka ɗora wa PLA2 laifin duka a takardar amsa.

Wuƙar D da baƙin wuƙaƙe

D ba za ta ɗauke ka lokaci ba. Ta sari lesitin dab da kai, kolin ya tafi, asid fosfatidik ya rage. Cire masa fosfet, ka sami DAG. Hanya ta biyu ke nan ta samar da DAG, kuma takan fi ta PIP2 daɗewa tana aiki saboda lesitin ya fi yawa nesa ba kusa ba. A jikin karas aka fara gano wannan enzayim a 1947. Tana da wani hali na daban: in ta sami barasa a kusa, sai ta yi amfani da ita maimakon ruwa, ta ƙera fosfatidiletanol, wanda ake aunawa a jini don gane wanda ke shan giya.

In kana yin darasin ƙwayoyin cuta, za ka sake haɗuwa da C a can. Gubar alfa ta Kulostiridiyam fafirinjens, mai ruɓar da nama a rauni mai zurfi, PLC ce. A ɗakin gwaji ana shuka ƙwayar a faranti mai gwaiduwar ƙwai, sai a ga farin gajimare ya kewaye ta, alamar ta farfasa lesitin. Gwaiduwar da muka fara da ita ke nan.

Rufe littafi

Mataki na ƙarshe, ɗauki sabuwar takarda ka ba kanka minti 15. Zana dabbar da saranta huɗu, hanyar C daga makarɓi har PKC tare da yadda ake kashe ta, sannan mararrabar A2 da magunguna bakwai a mazauninsu. In kuna da yawa, ɗaya ya zana a allo, sauran su yi ta katse shi da "don me?". Sannan ku gwada waɗannan: in aka zuba wa ƙwaya maganin da ya zazzage rumbun kalsiyam tun kafin homon ya iso, wane reshe na hanyar C zai mutu, wane zai rage? In mutum yana shan firednisolon, me zai faru da lukotirayin ɗinsa, kuma me ya sa ibufurofen ba zai yi haka ba? Ta uku ita ce wadda ta fi kayar da 'yan zaurenmu bara: an ba ka lesitin, an ce ka fitar da DAG daga cikinsa ta hanya biyu daban. Ta farko sara ɗaya ce da C. Ta biyu sara ce da D, sannan wani enzayim ya cire fosfet ɗin da ya rage a ɗigo na 3.